Kiɗan gida na sa ni kewar garin da ban taɓa gani ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni a zangon Kumasi aka haife ni, kakana ne ya taso daga ƙasar Zamfara fataucin goro ya zauna nan, ban taɓa taka Najeriya ba, amma wallahi duk ranar da babana ya kunna tsohon kaset ɗinsa na kotso ko gangar noma sai in ji ƙirjina ya cika kamar ina kewar wani waje. Wai mene ne wannan? Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya wasiƙarka ta taɓa ni. Ka ga shi kiɗan namu da kayan ƙasar ake yinsa, duma daga gona, fatar akuya, goge kuwa gashin wutsiyar doki ne tsirkiyarsa, to sautin ma ƙasar ce ke magana. Gangar noma da ka ambata ai ta gayya ce, damina ta sauka, ƙasa na ƙamshi, samari sun jeru kowa da kunyarsa, makaɗi na bin bayansu yana kiran sunan mutum da na ubansa har ya manta da ciwon baya, mata kuma na tafe da fura a ƙwarya. Mai yiwuwa kakanka ma an taɓa yi masa irin wannan kirarin.

Kotso kuma na fada ne, shi Musa Ɗanƙwairo mutumin Bakura ya riƙe har rasuwarsa a 1991, Narambaɗa ma da shi ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, kuma in ka kasa kunne za ka ji Hausarsu ta yamma ce, irin wadda wataƙila ka taso kana ji a bakin tsofaffin gidanku, ni ina ganin nan ne ma abin ya fi kama ka.

Don Allah kar ka tsaya a kaset. Samu babanka da daddare ka tambaye shi sunan ƙauyen, wane gulbi ne kusa, wane dutse ake hangowa, in akwai tsohuwa a gidan da ta iya waƙar daka ko ta niƙa ka ɗauki muryarta a waya tun tana da ƙarfi. In ka samo sunan garin ka sake rubuto mana.