Kwalin da aka rubuta "may contain": a ba yaro mai alaji ko a hana shi?

'Yar uwa, Allah ya ba yaronki lafiya. Kin ce likita ya tabbatar yana da alajin gyaɗa da madara, wato jikinsa na yin bori in ya ci su, kina tambaya ko kwalin da aka rubuta "made in a factory that handles peanuts" (an yi shi a masana'antar da ake aiki da gyaɗa) ya fi mai "may contain peanuts" (mai yiwuwa akwai gyaɗa a ciki) sauƙi. Bai fi ba. Ki mayar da su duka biyun, sai fa in likitan da ke duba shi ya ce miki ba komai.

Rubutu iri biyu ne a jikin kwali, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Na farko jerin kayan haɗi ne, wato abin da aka zuba da gangan. Wannan doka ta tilasta shi a ƙasashe da yawa. A Tarayyar Turai, tun Disamban 2014, abubuwa 14 masu tayar da alaji ne dole a fito da su fili a cikin jerin, galibi da baƙin rubutu mai kauri. A Amurka 9 ne: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande, gyaɗa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu, alkama, waken suya, sai riɗi da aka ƙara a Janairun 2023. Na biyun, wato "may contain" da 'yan uwansa, kamfani ne ke sa shi don ganin damarsa, kuma shi ke zaɓen kalmomin. Saboda haka kalmomin ba sa auna girman haɗari, kuma rashin gargaɗin ba shaidar tsabta ba ce.

Abin da ke yaudarar iyaye shi ne su ce ai ya ci sau uku bai yi komai ba. Ɓarɓashin gyaɗa da ya maƙale a inji ba ya bazuwa daidai cikin kaya. Kwalaye da yawa za su fito lafiya, ɗaya ya kwashe gutsuren gaba ɗaya. Baƙin cakulan ya yi ƙaurin suna wajen irin wannan da madara, domin sau da yawa injin da ya yi mai madara ne ke yin sa.

Sai sunayen da madara ke ɓuya a bayansu: casein, caseinate, whey, lactalbumin. Gyaɗa kuma ana kiranta groundnut ko arachis, har a jikin man shafawa. Ki rubuta su a ƙaramin kati ki sa a jaka. Wanda ya fi damuna shi ne "lactose free". Sukarin madarar kawai aka kawar, furotin da ke tayar da alajin yana nan daram. Haka "vegan": yana nufin ba a zuba madara ba, bai yi alkawarin ba ta shiga ta hanyar inji ba.

Ki karanta sau uku: lokacin saye, lokacin ajiyewa, da lokacin da za ki ba shi. Ko kayan da kuka saba ne ki karanta, domin kamfani na canza haɗi ba tare da ya canza launin leda ba, kuma ƙaramin kwali da babba na iya fitowa daga masana'anta daban. In ledoji ƙanana ne a cikin babbar leda, kar ki yar da babbar, wani lokaci a jikinta kaɗai jerin yake. Rubutun da ya goge, ko wanda ke cikin harshen da ba kya ji, ki bar shi. In kina shakka, ki rubuta wa kamfanin da lambar rukunin kayan da ke kusa da ranar lalacewa, ki tambaye su kai tsaye: injin nan yana taɓa gyaɗa ko madara?

Duk da haka kuskure kan faru. In ya ci abu sai kika ga harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dushe, numfashi na fita da ƙara, ko ya yi laushi fuska ta koɗe, allurar adrenalin, wato allurar gaggawa ta alaji mai tsanani, ita ce farko, a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando. Maganin borin jini na sha ba ya buɗe hanyar numfashi. Adadin allurar da nauyin yaro ake aunawa, 0.15 miligiram ga ƙananan yara, 0.3 ga waɗanda suka fi nauyi, likita ne zai ce wacce. Ki kwantar da shi, in numfashi ya yi wuya ya zauna, kar ya miƙe tsaye. In bayan minti 5 babu sauƙi a yi ta biyu, kuma a tafi asibiti ko ya warware, tare da kwalin abin da ya ci.