Na mayar da Corolla ta yadda take, sai ga misin

TAMBAYA: Salam Oga. Corolla 2006 ce na saya hannun wani yaro da ya yi mata gyare-gyare, ya sa mata buɗaɗɗiyar iya-kilina (matatar iskar inji) da manyan nozul (masu fesa fetur) da salansa mai ƙara. Da yake Baba ne zai riƙa hawa zuwa Daura sai na sa aka cire komai aka mayar da na asali. Tun ranar take misin, tana jijjiga a sulo musamman da safe, in na taka totur wutar cek tana ƙyaftawa. An canza fulogi huɗu ba ta daina ba, yanzu bakanike ya ce a sauke inji. Dan Allah mi ya kamata in yi? Daga wani makaranci, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka yarda a sauke injin nan tukuna, motar da take lafiya kafin a taɓa ta kuma ta fara misin (wato wata silinda ba ta ƙona fetur daidai) ranar da aka taɓa ta, ai inda hannu ya shiga nan za a fara nema. Amma ka rage hawanta, don wutar cek in tana ƙyaftawa ba tsayawa ta yi cak ba, ɗanyen fetur ne ke wucewa cikin salansa, kuma shi ke ƙona indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansar da ka kashe kuɗi ka mayar.

Fara da sa mata kwamfuta, ka tsaya da kanka ka rubuta lambar. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda guda ce ke misin, lambar ƙarshe ita ce silindar. P0300 kuma misin ɗin yawo yake. In ta nuna guda, misali P0302, a ɗauke kwayil (mai ba fulogi wuta) na 2 a musanya da na 3, a goge lambar a zaga da motar. In ta koma P0303 kwayil ne, shi kaɗai za ka saya. In ta tsaya a 2 sai a duba nozul ɗin wurin, don tsohon nozul da ya daɗe ajiye a kwali yakan toshe, kuma robar bakinsa takan tsage wajen turawa ko a bar soket bai zauna ba. Fulogin ma ka tambaya wane iri aka sa, injin 1ZZ na wannan motar gibin fuloginsa 1.1 milimita ne, na jabu kuwa sun cika kasuwa.

Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai maganar safiyar nan ce. In kwamfuta ta haɗa da P0171, to iska ta fi fetur yawa, wato akwai inda take shiga ta ɓarauniyar hanya bayan eyafulo, na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, bai ƙirga ta ba. Duk wanda ya cire iya-kilina ya mayar sai ya taɓa tiyo-tiyon nan, ƙaramin tiyo guda a manta ba a cusa ba ko kilif bai ɗauru ba ya isa. Sannan Corolla ta wannan zubin an san ta da matsalar gaskit ɗin manifol (bututun da ke raba wa silinda iska), roba ce, in ta tsufa sai ta ƙanƙance da sanyi ta buɗe, in inji ya yi zafi kuma ta ɗan toshe, shi ya sa da hunturu abin ya fi tsanani da asuba, zuwa hantsi ka ji kamar ta warke. Eyafulon ma a ciro a wanke da feshinsa na musamman, waccan buɗaɗɗiyar iya-kilina ga ƙurar Katsina wlh ba ƙaramin datti take bari ba.

Sai abin da ba ka ambata ba, buren boks, wato ƙwaƙwalwar motar da ke lissafa fetur ɗin da za a ba inji. Nemi yaron nan ka tambaye shi ko an sake masa furogiram ko an ɗaura wani ɗan akwati a wayoyinsa. Babban nozul buɗewa kaɗan yake buƙata, to in lissafin can na nan kuma ka mayar da ƙanana, fetur ba zai isa ba ko ka canza fulogi sau goma. Cire kan batir yana goge abin da motar ta koya ne kawai, ba ya goge furogiram. A sa rewaya ya leƙa bayan akwatin dashbod na gefen fasinja ya ga ko akwai wayoyin da aka yanke aka naɗe da salatif.

In duk wannan ya fita lafiya sai a auna kamfireshan na silinda huɗun, aikin da bai kai awa ba. Wadda ta faɗi ƙasa sosai da 'yan uwanta ita za ta ba bakanikenka gaskiya. Kafin nan Baba ya ɗan haƙura da tafiyar Daura a cikinta, ka turo min lambar da kwamfuta ta nuna.