Kallon fim a shafin kyauta: mai kallo, mai rabawa da wasiƙar tara

Tambaya: Barista, barka da aiki. Na jima ina kallon finafinai da shirye-shirye masu dogon zango a wani shafin intanet da ba a biyan ko sisi. Fim ko sati bai yi da fitowa ba za ka same shi a can. Wani lokaci nakan sauke a waya in tura wa abokai a zaurenmu na WhatsApp, kuma kwanan nan na saka wata manhaja da shafin ya ce ta fi sauri. Shekaranjiya sai ga saƙon imel, wai daga lauyoyin masu fim, cewa na keta haƙƙin mallaka, in biya tara cikin awa 48 ko su maka ni kotu. Hankalina ya tashi ƙwarai. Shin kallon da nake yi laifi ne? Kuma in biya kuɗin?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, kada ka biya. Kada ka mayar da amsa, kada kuma ka taɓa wani mahaɗi da ke cikin saƙon. Bari in faɗa maka dalili kafin mu shiga batun laifi.

Mai fim da ke farautar masu satar fasaha bai san imel ɗinka ba. Abin da yake iya gani, in ma ya gani, lambar IP ce, wato lambar da kamfanin sadarwa ya ba layin da ka hau intanet da shi. Kafin lambar nan ta zama sunan mutum, sai an bi ta hannun kamfanin sadarwar, kuma a ƙasashe da yawa sai da umarnin kotu. Shi ya sa sanarwa ta gaskiya takan zo ta hannun kamfanin da kake sayen data a wurinsa, ko ta wasiƙar takarda mai ɗauke da sunan ofishin lauyoyi, sunan fim ɗin, da rana da sa'ar da ake zarginka. To wa ya san imel ɗinka kuma ya san kana kallon fim a wannan shafi? Shafin da ka yi rajista a cikinsa, da duk wanda ya sayar wa bayananka. Ƙara da wa'adin awa 48 ɗin nan, wanda amfaninsa ɗaya ne, a hana ka zama ka yi tunani. In kuma sun ce ka biya ta katin kyauta ko kuɗin kirifto, magana ta ƙare, 'yan damfara ne. Tara kotu ke cin ta ko hukuma, lauyan wani ba ya cin tarar kowa. Iyakacinsa ya nemi diyya, kai kuma kana da damar ka musa. A Kanada ma, tun ƙarshen 2018 doka ta hana a saka neman kuɗi a cikin irin sanarwar da kamfanin sadarwa ke miƙa wa mai layi, saboda yadda aka riƙa tsorata mutane da ita.

Ka ajiye saƙon, ka ɗauki hotonsa. In kana son ka tabbatar, nemi lambar ofishin lauyoyin da aka ambata daga wata hanya daban, ba wadda ke cikin saƙon ba, ka sa a tambaya.

Wannan ba ya nufin kana kan daidai. Shafin da ka siffanta, wanda ke da fim tun ana nuna shi a sinima, ba shi da lasisi, kai ma ka sani. Ka danna maɓallin kunnawa, shafuka uku su buɗe, ɗaya na caca, ɗaya na ce maka ka ci sabuwar waya. Ka rufe su ka sake dannawa, fim ya fara, hoton a karkace, inuwar kan wani na giftawa a ƙasan allo, wani na tari a bayan fage. Wata biyu shafin ya ɓace, ya dawo da sunan da aka sauya wa harafi ɗaya. Kamfanin da ya sayi izinin nuna fim ba ya gudun hijira daga adireshi zuwa adireshi. Na ja hankalinka kan wannan ne domin a gaban alƙali tambayar da ake yi ita ce: ya sani, ko ya kamata a ce ya sani? Mai cewa "ai ban san na sata ba ne" a irin wannan shafi ba zai sha da daɗi ba.

Kuma kada ka ce ai fim ɗin na wata ƙasa ne, me ya haɗa shi da dokar inda nake. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, ta wajabta wa kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan ƙasa, ba tare da sai mai aikin ya yi rajista ba.

Yanzu ga inda maganar take. Doka tana kallon mutum uku daban: mai shafin, mai rabawa, da mai kallo kawai. Nauyinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Mai shafi shi ake nema ruwa a jallo. A Amurka, dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2020 ta mayar da gudanar da irin wannan shafi don neman kuɗi babban laifi, hukuncinsa na iya kaiwa shekara 10 ga wanda ya maimaita, kuma an tsara ta ne a kan masu gudanarwa, ba masu kallo ba. Birtaniya a 2017 ta ɗaga iyakar hukuncin satar fasaha ta intanet daga shekara 2 zuwa 10. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi hanyar neman a cire kayan sata daga intanet, ta kuma ba hukuma ikon toshe shafi. A 2024 'yan sandan Vietnam suka rufe Fmovies, ɗaya daga cikin mafi girman irin waɗannan shafuka a duniya, bayan haɗin guiwa da gamayyar manyan kamfanonin fim. Tun a Janairun 2012 aka rufe Megaupload, wani babban shafin ajiyewa da raba fayiloli. Kai ba ka cikin wannan sahu, mu wuce.

Mai kallo kawai, wanda bai ajiye ba bai tura ba, shi ne mafi ƙarancin haɗari, sai dai hukuncinsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma dokar inda kake zaune ita ce za ta hau kanka. Shekaru da dama lauyoyi na jayayya a kansa, domin haƙƙin mallaka ya fi magana a kan kwafa da rabawa da nuna wa jama'a, shi kuwa mai kallo zai ce ban kwafi komai ba. Amma a zahiri wayarka tana kwafa. Kafin ka ga hoto, takan ɗan tara gutsuren fim ɗin a ƙwaƙwalwarta na ɗan lokaci, shi ne farin layin da ke gudu a gaban inda kake kallo. An daɗe ana cewa wannan kwafi na wucin gadi doka ta yafe shi. A ranar 26 ga Afrilun 2017 Kotun Tarayyar Turai ta rufe wannan ƙofa a shari'ar wani ɗan Holan da ke sayar da akwatunan kallo da aka riga aka cusa musu hanyoyin shiga shafukan sata. Kotun ta ce yafewar ba ta shafi wanda ke kallo daga inda ya san babu izinin mai fim ba. Saboda haka a ƙasashen Tarayyar Turai kallon kansa keta haƙƙi ne. Suwizalan, wadda ba ta cikin Tarayyar, ta bar wa mutum damar saukewa don amfanin kansa ko da daga shafin sata ne, muddin bai raba ba. Japan kuwa tun 2012 ta mayar da sauke fim ko waƙar da ka san ta sata ce laifin da ke iya kai mutum gidan yari har shekara 2.

A aikace, da wuya ƙwarai a bi mai kallo ɗaya zuwa kotu. Gano shi na da tsada, abin da za a samu a jikinsa kaɗan ne. Inda aka fara taɓa masu kallo, kamar Italiya, wadda a 2025 ta ci tarar mutum sama da 2,000 Yuro 154 kowanne, waɗanda aka kama masu biyan kuɗin wata-wata ne ga haramtattun tashoshi, kuma sawun biyan kuɗin ne ya tona su. A ganina mutumin da ke kallo kawai ya fi cancanta ya ji tsoron shafin kansa fiye da kotu.

Matsalarka, Malam, ita ce ka riga ka bar sahun masu kallo, sau biyu ma, ɗaya da saninka ɗaya ba da saninka ba.

Wanda ka sani shi ne turawa a zaure. Daga lokacin da ka sauke fim ka tura wa jama'a, ka yi kwafi kuma ka raba, abubuwa biyun da doka ta keɓe wa mai fim ke nan. "Ai ban karɓi kuɗi ba" na iya rage maka nauyi a shari'ar laifi, domin dokoki da dama suna duba ko an yi don kasuwanci, amma ba ya kare ka daga ƙarar neman diyya. Sassaucin da wasu ƙasashe ke yi wa kwafin gida iyakarsa kai da iyalinka da na kusa da kai ƙwarai. Zaure mai mutum ɗari, rabinsu ba ka taɓa ganin fuskarsu ba, ya wuce nan. In kuma kai ne shugaban zauren, ko akwai tasha a Telegram da ake saka talla ko ake karɓar kuɗin shiga, to ka kama hanyar zama ƙaramin mai shafi.

Wanda ba ka sani ba shi ya fi damuna: manhajar nan da aka ce ta fi sauri. Da yawa daga irinta fuskarsu ce kawai ta shafin kallo, a ƙarƙashi da fasahar BitTorrent suke aiki, kamar Popcorn Time da ta fito a 2014. Yadda abin yake, kana karɓar gutsuren fim daga wayoyi da kwamfutocin wasu masu kallo, a lokaci guda taka wayar tana miƙa wa wasu gutsuren da ta samu. Kana kwance kana kallo, kana rabawa ga baƙi a ƙasashen da ba ka san su ba, da datarka. Kuma a wannan tsari lambar IP ɗinka a fili take ga duk wanda ya shiga rukunin, har da kamfanonin da masu fim ke ɗauka haya su zauna suna rubuta lambobi. Ta wannan hanya ce ake samun mutane a Jamus, inda wasiƙar lauya ke zuwa gida ta gidan waya ana neman ɗaruruwan Yuro a kan fim ɗaya. A Amurka doka ta ba mai haƙƙi damar neman diyyar Dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki, har 150,000 in an tabbatar da ganganci. Wata mata a can an yanke mata biyan Dala 222,000 a kan waƙoƙi 24 da ta raba ta intanet. Kusan duk mutanen gida da aka taɓa kaiwa kotu kan irin wannan, rabawa ce ta kai su.

A nan wani zai ce maka ka saka VPN, wato manhajar da ke ɓoye lambar IP ɗinka. VPN na ɓoye lamba, ba ya halatta komai, kuma na kyauta cikinsu wasu da bayananka suke cin abinci.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika tambayata ba sai bayan an yi asara. Tsakaninka da shafin sata babu wata yarjejeniya da za ka iya kai wa kotu. Ba ka san sunan mai shi ba, ba ka san ƙasar da yake ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa: kuɗin shafin na fitowa daga tallan da kamfanonin kirki ba sa karɓa, da bayanan masu shiga, da manhajojin da ke neman izinin karanta saƙonninka da lambobin wayarka. Me ya haɗa manhajar kallon fim da saƙon da banki ke turo maka? In sun taɓa ce maka "saka lambar katinka don tantancewa kawai, ba za a cire komai ba" kuma ka saka, kira bankinka yau a toshe katin a ba ka wani, ka duba bayanan asusunka na watannin baya. In an cire kuɗi, kai ƙorafi a rubuce da wuri, domin bankuna na da wa'adin karɓar irin wannan ƙorafi. Kunyar faɗin inda ka saka katin kada ta hana ka. Damfarar da aka yi maka laifi ce mai zaman kanta, kallon fim ɗinka bai wanke ɓarawon ba.

Manhajar kuwa ka cire ta, ka canza kalmar sirrin imel ɗinka da ta duk inda ka maimaita irinta, ka daina turawa a zaure, ka goge abin da ka riga ka tura in har yana gogewa. Sai dai a kula da wani bambanci. Wannan shara ta halatta ne yanzu da babu shari'a a kanka. Ranar da sammaci na gaskiya ya zo, ko wasiƙar da ka tabbatar daga ofishin lauyoyi take, kada ka goge komai, domin ɓatar da shaida na iya fin asalin zargin muni. Kada ka kira su ka ce "eh na yi amma ku yi haƙuri", kada ka sa hannu a takardar alkawarin da suka haɗo da ita, kada kuma ka jefa wasiƙar a aljihu wa'adi ya wuce. Kai ta wurin lauyan da ya san haƙƙin mallaka a ƙasar da kake. Lambar IP tana nuna mai layi ne, ba ta nuna wanda ke riƙe da wayar ba, kuma sau da yawa kuɗin da aka fara nema ana iya rage shi a teburin sulhu.

Kallon kyauta na halal kuma yana nan. Shafin kallo na Tubi na kamfanin Fox ne, na Pluto TV kuma na Paramount, dukansu da talla suke biyan masu fim, sai dai ba a kowace ƙasa suke buɗewa ba. Masu shirya finafinai da gidajen talabijin da yawa suna saka cikakkun shirye-shiryensu a tashoshinsu na YouTube, a nan abin dubawa shi ne tashar ta mai fim ɗin ce ko ta wani da ya kwaso. Shafin adana kayan tarihi na Internet Archive na da tsofaffin finafinan da wa'adin haƙƙinsu ya ƙare. Kafin ka amince da sabon shafi, duba ko yana da sunan kamfani da adireshin da za a iya samunsa, da ko manhajarsa na cikin rumbun Google ko na Apple, ba fayil ɗin da aka ce ka sauko daga gefe ka kashe kariyar wayarka kafin ya shiga ba. Ba za ka sami fim ɗin da ya fito makon jiya a can ba. Wannan sai dai ka jira ko ka biya.