Abin da ka gani kifi ne, ba maciji ba

Tambaya: Malam, ni da ƙanena muna ɗan kamun kifi a gefen Port Sudan, a bakin Bahar Maliya. Makon jiya na ga wani siririn abu kamar tsinke, mai zanen rawaya, kwance a kan dutsen murjani inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ƙanena ya ce ɗan maciji ne, har ya ɗaga sanda. Yana da dafi?

Amsa: Ɗan'uwa, madalla da ka tambaya. Ka ce wa ƙanenka ya ajiye sandarsa, domin macizan teku ba sa zama a Bahar Maliya. Kifin bututu ka gani, kuma yadda ka kwatanta shi ya yi kama da wanda masana ke kira Corythoichthys flavofasciatus, wanda Bajamushen nan Eduard Rüppell ya bayyana a 1838 daga wannan teku namu. Tsawonsa kusan santimita 12, ko taƙi bai cika ba.

Ba dafi gare shi ba, ko haƙori ma ba shi da shi. Muƙamuƙansa a haɗe suke, sun zama dogon bututu da ɗan baki a ƙarshe, da shi yake zuƙar ƙananan halittu dangin jatan lande waɗanda da ƙyar ido ke gani. Jikinsa kuwa zobban ƙashi ne jere da juna kamar sulke, shi ya sa iyo bai dame shi ba, ya fi son jan ciki a kan dutse. Idan ka natsu ka dube shi, za ka ga kowane ido yana juyawa da kansa, irin na hawainiya.

Abin da ya sa nake ƙaunar kifin nan shi ne haihuwarsa. Namiji ne ke ɗaukar ƙwai. Mace takan manna masa su a ƙarƙashin wutsiya, ya yi ta yawo da su har su ƙyanƙyashe, kamar yadda ɗan'uwansa dokin teku yake yi. Wanda ya buge namiji ɗaya mai ƙwai, gida guda ya rushe.

Mazauninsa ruwa marar zurfi ne mai ɗumi, cikin murjani da ɓaraguzansa, irin na bakin gaɓarku da na Sanganeb, wani tsibirin murjani a cikin teku kusa da Port Sudan, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. Tun da ba ya tafiya nesa, duk lokacin da anga ta farfasa murjanin da yake kai, ba shi da wurin gudu. Don Allah in akwai yashi kusa, a can za ku riƙa jefa anga.

In ka koma wurin da sassafe, kada ka taɓa shi. Tsaya cik ka duba gefensa, galibi bibbiyu suke zama, mace da namiji. Wanda ka ga ƙasan wutsiyarsa ya ɗan kumbura, shi ne uban.