Ku Tambaya Mu Amsa: Bidiyon LeBron, Kallon NBA Da Tsakar Dare, Da Sanyin Toronto

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu uku na ɗauko wannan makon, kuma ba ni na tsara ba, haka nan suka zo duk suna taɓo ƙwallon kwando, musamman NBA wato babbar gasar Amurka, ta wani gefe. Bismillah.

TAMBAYA: Salam Yaya, dan Allah ina da tambaya kuma wallahi raina a ɓace yake har yanzu. Ni masoyin LeBron James ne tun ina sakandare. A watan Oktoban 2025 ya saki wani ɗan bidiyo yace gobe zai sanar da babbar shawara, ranar ban yi barcin kirki ba na ɗauka ritaya zai yi, washegari sai gashi wai tallar giya ce. Yaya wannan ba yaudara bace? Kuma mutumin da ya riga ya tara dukiya me yake nema da irin wannan? Daga ƙaninka, mai bibiyar shafin nan kullum.

AMSA: Ƙanena, ɓacin ranka yana kan hanya, nima abin ya min ciwo. Kuma kasan me yasa ya kama mutane haka? Saboda ya taɓo tsohon miki ne. A ranar 8 ga Yulin 2010 LeBron ya zauna a gidan talabijin na ESPN kai tsaye ya sanar da cewa zai bar Cleveland ya koma Miami Heat, ranar har rigarsa wasu suka ƙona a titi don takaici. To bidiyon 2025 ɗin an shirya shi ne ya yi kama da wancan zaman, ga kujeru biyu ga mai tambaya, shi kuma lokacin yana da shekara 40, kowa yasan ritaya ta kusa, to wa zai ga wannan bai ɗauka sallama bace? Har kuɗin tikitin wasan kulob ɗinsa Lakers na ƙarshe a kakar sai da ya yi tashin gwauron zabi kafin gari ya waye, mutane suna rige-rigen ganin wasansa na bankwana, ƙarshe sai ga kwalbar Hennessy.

Ba shi ya fara ba. A Nuwamban 2023 mawaƙin nan Snoop Dogg ya rubuta cewa ya daina hayaƙi, mutane suka dinga masa fatan alheri da zuciya ɗaya, wasu ma suna cewa suma zasu daina saboda shi, bayan kwana kaɗan aka gane tallar wani murhu ne mara hayaƙi. Wanda ya fi min muni shine na 'yar fim ɗin Indiya Poonam Pandey, a Fabrairun 2024 aka sanar a shafinta na Instagram cewa ta mutu da sankarar bakin mahaifa, washegari ta fito da ranta tace wai wayar da kan mata take son yi akan cutar. Ka tuna fa akwai waɗanda suka binne uwa ko mata ko 'ya saboda wannan ciwon, suna karanta labarin suna kuka. Niyya ko da mai kyau ce bata wanke wasa da mutuwa.

Dalilin da yasa suke yi kuwa, talla ta gaskiya mutane sun gaji da ita, kana gani zaka wuce da yatsa. Amma in aka tsorata ka ko aka sa ka tausayi, kai da kanka zaka tura wa abokai goma, su kuma su tura wa ɗari, jaridu su ɗauka, kamfani ya samu tallar da ko nawa ya biya ba zai samu ba. Wato kai ne ma'aikacin, kuma ba a biya ka ba. Shi tauraro ba lallai kuɗin ranar kaɗai yake nema ba, so yake ya nuna wa kamfanoni cewa har yanzu in ya yi tari duniya zata juyo, wannan shine jarinsa.

Wani lokacin ma abin yakan wuce ɓacin rai ya taɓa aljihu. A Oktoban 2022 hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari a Amurka ta sa Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto bata bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. Mutane sun zuba kuɗinsu don sun yarda da ita.

Abin da nake yi yanzu, in naga sanarwa mai cewa ku jira gobe ƙarfe kaza, sai in jira ɗin amma bana turawa kowa. Ritayar gaske ko ciwon gaske zaka ji shi daga kulob ɗin da manyan 'yan jarida a lokaci ɗaya. Kuma bance ka daina son wasansa ba fa, mutumin da ya karya tarihin maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar a Fabrairun 2023, wannan ba talla bace da guminsa ya yi. Ka so wasan, amma ka daina ba shafinsa barcinka.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni mace ce kuma ina goyon bayan Golden State Warriors tun 2015, ina tashi cikin dare in kalli wasansu a waya. Yayyena kullum dariya suke min wai garin da ban taɓa takawa ba, 'yan wasan basu san ma ana yina a duniya ba, wai wahalar banza nake. Wani sa'in har sai inji kunya. Shin da gaske wauta ce? Kuma ya zan yi da rashin barci don yana taɓa min aiki. Daga ƙanwarka.

AMSA: Ƙanwata ki cire kunyar nan, ba wauta bace ko kaɗan. Ki tambayi yayyen naki, wanda ke zaune a San Francisco ɗin ma da gidansa ke kallon filin Chase Center, shin tauraron Warriors Stephen Curry ya san sunansa? Bai sani ba. So na wasa dama ba don a san ka ake yinsa ba, don abin da idonka ya gani ne ya shiga ranka. Ke kin fara a 2015 shekarar da suka ci kofi, kin ga kakar 2016 da suka ci wasa 73 cikin 82 sannan Cleveland ta ƙwace kofin bayan Warriors ɗin suna gaba da wasa 3 da 1, kin haɗiye wannan baƙin cikin baki gudu ba, kin zauna har kika ga Curry ya karya tarihin Ray Allen na jifan maki uku a Disambar 2021, aka zo aka sake ɗaga kofi a 2022. Wanda ya bi kulob a daɗi da wuya haka ai ya gama biyan kuɗin zama ɗan gida.

Ni ma ta nesa na fara. Hakeem Olajuwon ne ya jawo ni, haifaffen Legas, wanda Houston Rockets suka ɗauka na farko a zaɓen 'yan wasa na 1984, shekarar da aka ɗauki Michael Jordan na uku. Ya ci kofi 1994 da 1995, kuma yana wasa da azumi a bakinsa, a Fabrairun 1995 cikin Ramadan aka bashi gwarzon wata. Lokacin babu waya mai bidiyo, kaset muke jira da tsohuwar mujalla, wasan da aka buga wata biyu baya mu a wurinmu sabo ne fil, kuma ihun da muke yi in ya juya ya yaudari mai tsaronsa ba na wasa bane. Kuma wasan nan ma ba na Amurkawa kaɗai bane yanzu, Giannis Antetokounmpo da aka haifa a Girka iyayensa 'yan Najeriya ya zuba maki 50 a wasan da Milwaukee ta ɗauki kofin 2021, Joel Embiid ɗan Kamaru ya zama gwarzon kakar 2023, sannan 'yan matan D'Tigress na Najeriya sun kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Paris 2024, wanda babu wata tawagar ƙwallon kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa kaiwa nan kafin su. In yayyenki suka sake cewa me ya haɗa mace da kwando, ki basu wannan.

Maganar barci kuma anan zan ɗan ja kunnenki. Kin zaɓi kulob ɗin da ke can yammacin Amurka, a lokacin sanyi tsakaninmu da su awa 9 ne, wasan ƙarfe 7 na yammansu shine 4 na asubarmu, kuma duk da minti 48 ne a agogo, da hutu da tsayawa da talla sai ya ci sama da awa biyu. Wasa 82 ne daga Oktoba zuwa Afrilu, babu jikin da zai ɗauki wannan ga kuma aiki da safe. Ki zaɓa. Wasannin da suke bugawa a gabas irin su New York ko Boston suna farawa wajen 1 zuwa 2 na dare, akwai kuma na ƙarshen mako da ake bugawa da rana a can su faɗo mana da daddare da wuri, sauran ki kashe sanarwar waya ki kalli maimaici da safe baki san sakamako ba, daɗin kusan ɗaya ne. Ki adana ƙarfinki sai wasannin neman kofi daga Afrilu zuwa Yuni, nan ne rashin barci yake da riba.

TAMBAYA: Ɗana, ina karanta shafinka duk da na manyanta. Na yi karatu a ƙasar waje ina saurayi, hotunan duk sun ɓace, in na fara bada labari sai inga yara sun koma kan waya. Kai ka taɓa fita kuwa, ka taɓa ganin wasan nan da kake yawan faɗa ido da ido? Me ya rage maka a rai? Daga wani dattijo.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. Na taɓa fita, kuma sau ɗaya tak na ga wasan NBA da idona, a Toronto ta ƙasar Kanada, Disambar 2016, wani aiki ne ya kai ni na kwana tara.

Abin da ya fara tarbata shine jakata bata iso tare dani ba, kamfanin jirgin suka ce sai bayan kwana biyu, kuma rigar sanyina tana ciki. Na fito daga filin jirgi da 'yar shet, iskar da ta bugi fuskata sai naji kamar an watsa min allurai, numfashina yana fita fari kamar hayaƙi, wayata da ke da caji rabi ta mutu a hannuna saboda sanyi. Kafin ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi, gari ya yi duhu, wannan ya fi komai rikita ni. Sai daga baya na gane cewa rabin mutanen tsakiyar birnin a ƙarƙashin ƙasa suke tafiya, akwai hanyoyi da suke kira PATH masu tsawon kusan kilomita 30 da suka haɗa manyan gine-gine da tashar jirgin ƙasa, ta nan na bi har filin wasan Raptors, kulob ɗin Toronto, lokacin sunansa Air Canada Centre.

Kujerata can sama take kusa da rufi. Baba abin da talabijin baya kawowa shine ƙarar takalmi akan katako, ƙiiƙ ƙiiƙ ba tsayawa, da muryar 'yan wasa suna kiran juna, da girman mutanen nan, wanda kake gani ɗan ƙarami a allo in ya tsaya kusa da alƙalin wasa sai kaga ashe dogo ne. An rera taken ƙasa biyu kafin a fara, na Amurka da na Kanada, don Toronto ce kaɗai kulob ɗin NBA da ke wajen Amurka. DeMar DeRozan da Kyle Lowry ne taurarin lokacin, akwai kuma wani yaro sabon shiga ɗan Kamaru, Pascal Siakam, siriri yana ta gudu kamar ba zai gaji ba. Shugaban kulob ɗin a lokacin kuma Masai Ujiri ne wanda ya tashi a Zariya, shi ya haɗa tawagar da ta zo ta ci kofi a 2019.

Amma wallahi abin da ya fi zama min ba wasan bane. Wani tsoho bature ne kusa dani da jikarsa, ya lura ina ta murza hannuwa, bai tambaye ni daga ina nake ba, kawai ya ciro safar hannu daga aljihun kwat ɗinsa ya miƙo min. Da aka tashi na cire zan mayar masa sai ya girgiza kai ya nuna ƙofa, wato waje ya fi nan sanyi, ya ja hannun yarinyar suka shige cikin taro. Safar tana nan a akwatina har yau, ruwan toka ce, babban yatsan dama ya ɗan huje.

Shi yasa nake roƙonka Baba kar ɓatan hotuna ya dame ka, kuma kar ka yi fushi da yaran. Ka sa ɗaya daga cikin jikokinka ya kunna rikoda a wayar tasa da yake ta dannawa, ka bashi aikin riƙewa, kai kuma ka fara, amma kar ka fara da sunan makaranta ko shekarar da ka tafi, ka fara da daren farko, ɗakin da ka kwana, abin da ka ji ta taga, da mutum na farko da ya maka alheri a ƙasar da baka san kowa ba. In kun naɗa ka aiko min, ina so inji, kuma da izininka zan buga shi a wannan shafin.