Gwajin jini zai iya gano galahanga a yaro?

Malama, kin tambaya ko akwai gwajin jinin da zai tabbatar ɗanki yana da lalurar galahanga. Har yanzu babu. Likitoci suna gane ta ne ta lura da yadda yaro ke haɗa ido, da amsa sunansa, da maganarsa, tun yana wata 18 zuwa 24. Masu bincike suna nazarin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake samu a jinin wasu yara masu galahanga, da ke hana sinadarin folate (wani nau'in bitamin B) isa ƙwaƙwalwa, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna maganin leucovorin, wanda wani nau'in folate ne, ya inganta maganar wasu yara, amma a ganina hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Kada ki ba shi wannan maganin sai da umarnin likita, ki hanzarta fara horon magana.