Uwa ta faɗi, 'ya'ya na nan da ransu

Hamadu, na ga saƙonka bayan isha'i. Ka ce manhajar da ka rubuta da Python ga mai shagon hatsi a kasuwar Garwa tana tayar da 'ya'ya biyu, wato ƙananan manhajoji da ke gudana a ƙarƙashinta, ɗaya na buga rasit, ɗaya na sauraro a ƙofa 8000 (port, lambar da ake samunsa da ita ta hanyar sadarwa). In uwar ta faɗi ka sake kunna ta, sai ta ce ƙofar a kame take. "Malam, ai na sa atexit, me ya hana shi aiki?"

To, ɗana, a Linux uwa ba ta shiga kabari da 'ya'yanta. Tana mutuwa sun zama marayu, kuma haka masu sana'ar ke kiransu. Sai a miƙa riƙonsu ga mai lamba 1, wato init ko systemd, manhajar da Linux ke fara tayarwa in an kunna inji, su ci gaba da harkarsu kamar ba a yi rasuwa ba. Buga ps -ef ka dubi layin PPID, wato lambar uwar kowace manhaja, galibi 1 za ka gani a gaban ɗan naka. Shi ne ya riƙe maka ƙofa.

Shi atexit, wato aikin da ka bar wa Python ya gudanar in manhaja za ta fita, wasiyya ce ta wanda ajali ya same shi a kan gado da bakinsa. In manhaja ta fita da ƙafarta, zai yi aiki. Amma in aka buge ta da kill -9, umarnin kisa nan take, ko ƙwaƙwalwa ta cika kanel, wato zuciyar Linux mai iko da dukkan manhajoji, ya zaɓe ta ya kashe, ko layi ɗaya ba zai gudana ba. Injin shagon nan kuwa ƙwaƙwalwarsa giga 4 ce, na san shi. SIGKILL, siginar da kill -9 ke aikawa, ba a tare shi, ba a roƙonsa. Ko SIGTERM ma, siginar da ke neman manhaja ta fita, in ba ka rubuta masa mai tarba ba, Python ba ya waiwayar atexit.

Don haka amanar nan kanel za ka ba, shi da ke nan a tsaye bayan kowa ya faɗi. A cikin ɗan, da zarar an haife shi, ka kira prctl, hanyar da manhaja ke miƙa wa kanel buƙata, da PR_SET_PDEATHSIG da SIGTERM. Ma'anarsa: ran da uwata ta mutu, a aiko mini da wannan sigina. A Python ta ctypes ake yi, mai kiran ayyukan harshen C, cikin preexec_fn na Popen, wato abin da ɗan ke fara gudanarwa yayin da Popen ya tayar da shi.

Akwai ramuka a hanyar. Uwar na iya mutuwa kafin ɗan ya kai ga kiran, sai ya zauna jiran saƙon da ba zai zo ba. Saboda haka bayan prctl ka duba getppid, mai faɗa wa ɗa lambar wanda ke riƙonsa, in ba lambar uwar ba ce, ya fita nan take. Ramin da ya ci ni kuwa shi ne na zare, wato thread, layin aiki ɗaya cikin waɗanda manhaja ke gudanarwa a lokaci guda. Wata shekara a Marwa na kwana biyu ina neman abin da ke kashe mini ɗa alhali uwar lafiyarta lau. Ashe a wurin kanel, uwa ita ce zaren da ya haifi ɗan, ba manhajar gaba ɗaya ba. Zaren ya gama aikinsa ya fita, ɗan ya bi shi. Tun daga ranar, daga babban zare nake haihuwa.

Jikoki ba sa gadon wannan tsari. In ɗan naka ma yana tayar da nasa, mafi sauƙi ka mai da manhajar sabis na systemd, wanda ke tara zuriyar duka a cgroup ɗaya, wato rukuni guda a wurin kanel, ya share su tare. Inda babu prctl, akwai dabarar bututu, wato pipe, hanyar aika saƙo tsakanin manhajoji biyu: uwa ta riƙe bakin rubutu ita kaɗai, ɗa na karantawa, tana mutuwa bututun ya rufe, ɗa ya gane. A Windows kuwa Job Object ne, da alamar kashe kowa in an rufe shi.

Gobe ka zo da injin kafin azahar. Ni zan kashe uwar da kill -9, kai kuma ka buga pgrep, mai nemo manhajojin da ke gudana, mu ga wa ya rage.